Shuɗi da abokan zamansa a ɗakunanmu

Daga Maraɗi zuwa Tawa, daga Damagaram zuwa Yamai, duk wanda ya bi unguwa yana duba ƙofofi da tagogi, launin da zai fi cin karo da shi shuɗi ne. Ƙofar ƙarfe shuɗiya, taga shuɗiya, bangon shago shuɗi, ƙasan bangon aji shuɗi. A cikin gida ma haka abin yake, tun daga ɗakin uwargida da falon maigida har zuwa buta da bokiti da ledar tsakar ɗaki. Cikin shekara 20 da ƴan kai da na yi ina koyarwa an kai ni aiki garuruwa da ƙauyuka da dama, kuma ɗakunan hayar da na zauna, in ban da biyu, duk da shuɗin fenti na tarar da su.

Ban ga laifinmu ba. Mutumin da ya wuni cikin ranar watan Afrilu, idonsa na yaji saboda haske da ƙura, in ya shigo ɗaki yana son abin da zai sanyaya masa ido, shuɗi kuwa ya iya wannan aiki. Ga kuma tsohon sabo. Tun kafin gwangwanin fenti ya shigo ƙasar nan muna da baba da shuni da marina. Turkuɗin da ake rinawa a Kura, kusa da Kano, a buge shi har ya yi ƙyalli, har gobe shi ne rawanin girma a wurin Abzinawa. Kakanninmu mata da saƙi suka yi ado. Shuɗi ɗan gida ne, ba wanda zai kore shi.

Abin da nake so mu tattauna, ƴan uwana malamai da iyaye, shi ne wa za mu zaunar kusa da shi. Shuɗi kamar miyar kuka yake, komai daɗinta ba a shan ta ita kaɗai, sai da tuwo. In aka bar shi ya cika ɗaki shi ɗaya, ɗakin ya yi duhu ya yi nauyi. In aka haɗa shi da wanda ba su jituwa, ido ya gaji. Wanda ya fi ɗanɗana wannan kuwa yaro ne, don shi ke durƙusawa da kaye da bik a wannan ɗaki bayan isha'i.

Na san wani zai ce: Madam, ana maganar yara na karatu a rumfunan kara, ke kina maganar launi? Yana da gaskiya, kuma ba wanda ya manta da gobarar da ta ci rayukan yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021. Gina aji na ƙwarai shi ne kan gaba. Amma duk shekara, gab da salla ko biki ko komawa lakwal a watan Oktoba, mai hali da talaka suna sayen fenti. Kwamitocin iyaye suna tara dala-dala su gyara aji. Kuɗin gwangwani ɗaya ne, ko an zaɓi launin da zai haskaka ɗaki ko wanda zai duhunta shi. Tun da dai za a kashe kuɗin, gara a san inda aka sa su.

Kafin a nemo aboki sai a san wane shuɗi ake da shi, don suna ɗaya ne amma dangin na da yawa. Akwai mai haske, irin na sararin samaniya bayan ruwa ya ɗauke, ko ruwan bular da mata ke sa wa fararen kaya. Akwai na tsakiya mai kaifi, irin na murfin bik. Akwai mai duhu, irin na shuni, wanda da dare ba a raba shi da baƙi. Wani ya karkata wajen kore, wani wajen shunayya. Bambancinsu ya wuce na kyan gani. Bango ba ya haifar da haske, abin da ya samu yake mayarwa. Farin bango yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Abin da shuɗi mai duhu ke mayarwa bai kai kashi 15 ba, sauran ya shanye. Wato fitila guda a ɗaki guda tana iya isar yaro karatu, tana iya kasawa, gwargwadon abin da aka shafa wa bangon.

Hotunan da ƴan matanmu ke tura wa juna ta WhatsApp, na falo mai shuɗi mai duhu tun daga ƙasa har rufi, akasarinsu gidajen Turai ne, masu tagogin gilas kamar ƙofa da fitilu biyar ko shida a ɗaki ɗaya. Namu ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, ta ƙarfe, kuma kusan kullum a rufe take: da hunturu saboda ƙura, da bazara saboda hucin zafi, da damina saboda sauro. Ga ɗaukewar wuta. Launin da ya yi kyau can, in aka kwaso shi yadda yake, kogo zai mayar da ɗakinmu.

Na taɓa samun wata ɗaliba a aji CM1 wadda rubutunta na cikin aji tsaf yake, amma aikin gida kullum a karkace, tana tsallake layi. Da mahaifiyarta ta haihu na je barka, sai na ga inda take yin aikin: ɗaki mai shuɗi mai duhu har sama, da ƴar fitilar sola rataye a ƙusa can kusa da rufi. Na roƙi mahaifinta abu biyu, ya shafe bangon da take fuskanta da farar ƙasa, ya kuma sauko da fitilar kusa da kayenta. Ya yi, kuma kafin ƙarshen zangon rubutun gida ya kamo na aji. Abin da aka kashe bai kai kuɗin cefanen yini biyu ba.

Saboda haka abokin shuɗi na farko fari ne. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga wannan haɗi a jikin gine-ginensa, farin bango da zanen shuɗi irin na ginin Hausa, kuma ko da tsakar rana ido ba ya ƙin kallonsu. Saƙin iyayenmu ma haka ne, farin zare siriri ne ke ratsa shunin ya ba shi rai. A cikin ɗaki, wurin da fari ya fi amfani shi ne rufi da saman bango, don daga can haske ke bazuwa ya sauko. Ko mene ne aka shafa a ƙasa, rufi dai a bar shi fari.

Sai dai fari fat yana da matsala biyu a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana bayyana a jikinsa da wuri, kuma kusa da shuɗi mai kaifi yana sa ɗaki ya yi kama da ɗakin likita. Ni na fi son ruwan madara, wato farin da aka ɗiga wa rawaya ko ruwan ƙasa kaɗan. Yana mayar da haske kusan kamar fari, yana jure ƙura tun da launinsu ya yi kusa, kuma yana rage wa shuɗi sanyinsa. Tsohon tsarin da muka gada a azuzuwa, na raba bango biyu, yana da hikima: ƙasa a shafa shuɗi da fentin da ake iya gogewa da tsumma, sama a bar shi da haske. Inda ake ɓata shi shi ne a ja shuɗin har ya wuce kan babba. Iyakarsa kafaɗar yaro ɗan CM2, wajen mita 1 da ɗan ƙari, don nan ne hannaye da bayan riguna ke gogawa. Abin da ya haura nan satar haske ne.

Aboki na biyu shi ne wanda muka fi mantawa da shi, alhali a ƙarƙashin ƙafarmu yake: launin ƙasa da danginsa, ruwan goro, ruwan makuba, ruwan zuma, launin kaba da na ƙwarya. A makarantar horon malamai an koya mana da'irar launuka, inda kowane launi ke da kishiyarsa a ɗaya gefen, kuma kishiyar shuɗi ruwan lemo ne. Akwai gwajin da nake yi da ɗalibaina duk shekara. Ina ba su takarda shuɗiya mai kaifi, su ƙura mata ido na daƙiƙa 30, sannan su juya ga farar takarda. Sai ka ji aji ya kaure da ihu, don kowa ya ga inuwar rawaya mai ruwan lemo a inda babu komai. Idon da ya ƙoshi da shuɗi shi da kansa yake neman kishiyar. In ɗaki ya ba shi ita sai ya huta. Ruwan ƙasa da ruwan goro da launin kaba duk ƴan gidan ruwan lemo ne, an dai rage musu kaifi, shi ya sa suke zama lafiya da shuɗi ba tare da hayaniya ba.

Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris. Masaƙan suka riƙa kai masa kuka cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, zaren da ke maƙwabtaka da shi, shuɗi ko shunayya, shi ke sa ido ya ga kamar baƙin ya koɗe. A 1839 ya fitar da littafi a kan yadda launi ke sauya kama saboda na kusa da shi. Mu Hausawa mun taƙaita zancen tun tuni: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shuɗin da ya yi maka kyau a kanti kusa da farin gwangwani, wani abu daban zai zama a gida kusa da koren labule. Wanda ya taɓa ganin mutum sanye da turkuɗi yana wucewa ta gindin jan bangon tsohon garin Agadas, ko ya ga shuɗin zane a fuskar gidajen Birni a Damagaram, ya san yadda ƙasa ke fito da shuɗi.

Ɗakin kakata, a wani ƙauye kusa da Tasawa, ba a taɓa shafa masa fenti ba. Bangon laka ne, daɓen ya sha makuba ya yi ja-ja-ja yana sheƙi, ga tabarmar kaba, ga jeren ƙorai da faya-fayai a bango. Shuɗin ɗakin kawai zannuwanta na saƙi ne a kan igiya da bargon da ke shimfiɗe a gado. Duk wanda ya shiga, a kansu idonsa ke fara sauka. A wancan zamani ƙasa ce mai yawa, shuɗi kaɗan, shi ya sa yake da daraja. Yau mun juya lissafin. Mun shafe bango da shuɗi, muka fitar da tabarma muka shimfiɗa shuɗiyar leda, muka sauke ƙorai muka jera robobi, su ma shuɗɗa. Ba na cewa mu koma ɗakin laka. Ina cewa tun da shuɗi ya hau bango, to ƙasa ta dawo ta wata ƙofar.

Kuma ba sai an je nesa ba. Tabarmar kaba tana kowace kasuwa. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje, kuma dukawan Damagaram suna ɗinka tumtum da matasai da ita. Tumtum biyu na jar fata a falo mai shuɗi sun fi saitin kujeru na roba ƙawata wuri. Tulun Mirriya ko tukunyar Bubon a kusurwa, faifai uku ko huɗu a bango, kujera ƴar tsugune ta itace wadda ba a shafa wa komai ba, labule mai ruwan zuma. Kuɗinsu bai kai na gwangwani na biyu ba, kuma a hannun maƙwabtanmu kuɗin ke tsayawa.

Saura gwargwado. Masu aikin ƙawata gida suna da wani lissafi mai sauƙi: a raba abin da ido ke gani a ɗaki kashi 10, a ba babban launi 6, na biyu 3, na ado 1. Ni da kayen ɗalibi nake bayyana wa iyaye shi. Buɗe kaye ka duba: shafin fari ne, layukan shuɗi ne siriri, sai jan layi guda tak a gefe. Da an yi shafin shuɗi, layukan ja, ba yaron da zai iya rubuta jimla biyu. A ɗakinmu mai ƙaramar taga, shidan na ruwan madara ne, ukun na shuɗi, ɗayan na ruwan goro ko ja ko rawaya. In kuwa shuɗin mai haske ne ƙwarai, irin ruwan bula, yana iya karɓar shidan, launin ƙasa ya ɗauki ukun, fari ya tsaya a rufi da gefen tagogi. Shuɗi mai duhu kuwa kada ya wuce ukun: ƙofa, ƙasan bango, zanen gado, ko bango ɗaya cikin huɗu. Ba sai an auna da igiya ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Inda wannan lissafi ya fi rushewa shi ne ɗakin amarya. Yanzu kalmar da ke bakin kowa ita ce saiti: gado da kujeru da labule da darduma da kwanoni duk su zama launi ɗaya. Da za a kai ɗiyar yayata ɗakinta, shuɗi ta zaɓa, aka kuwa sayo komai shuɗi, ango shi ma ya sa aka shafe ɗakin da shuɗi don ya faranta mata. Ranar jere muna cikin aiki gwaggonmu ta iso, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Ku ƴaƴan nan, ɗaki kuka jera wa yarinya ko rijiya kuka haƙa mata?” Yayata ta ce: “Gwaggo, ai haka ake yayi yanzu.” Ta ce: “Yayi ba shi zai kwana a ciki ba. Ku bar gadon da kujerun, su ne masu tsada. Ku sauke mini labulen nan.” Aka musanya labulen da mai ruwan madara, aka naɗe dardumar aka shimfiɗa tabarma mai ratsin ja, gwaggo ta aika gida aka ɗauko mata matasan fata biyu ta ba amarya gudummawa. Kujerun da ɗazu suka ɓace cikin bango sai ga su sun fito, har ƴan ganin ɗaki na tambayar inda aka sayo su. Gwaggo ba ta taɓa zama a benci ba, amma lissafin 6 da 3 da 1 a idonta yake.

Akwai kuma waɗanda zamansu da shuɗi sai da lura. Ja mai kaifi da shuɗi mai kaifi, in suka yi daidai da juna a yawa, ido ba ya iya tsayawa a kansu lokaci guda, sai ka ga iyakarsu kamar tana rawa. Duk malamin da ya taɓa rubuta jan rubutu a kan shuɗiyar takarda ya ga yadda yara ke runtse ido. Ja a ɗakin shuɗi yaji ne, ɗan kaɗan ya isa. Kore mai duhu da shuɗi mai duhu nauyi ne a kan nauyi, amma koren ganye mai rai, kamar ɗan shuka a tukunyar ƙasa bakin taga, yana zama lafiya. Baƙi da ruwan toka suna ƙara wa shuɗi sanyi da duhu, kuma a gidajenmu da ma akwai su da yawa a jikin talabijin da firji da ƙarafan gado. Ruwan hoda mai laushi yana tafiya da shuɗi mai duhu a ɗakin ƴan mata. Shuɗi biyu a ɗaki ɗaya ba laifi in ɗaya mai haske ne ɗaya mai duhu, amma wanda ya karkata wajen kore da wanda ya karkata wajen shunayya kishiyoyi ne, kowa na nuna aibin ɗan uwansa.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Launukan nan masu ɗumi da nake yabo, rawaya da ruwan lemo da ja, a fentin mai su ne aka fi samun dalma a cikinsu, don da sinadaran dalma aka daɗe ana haɗa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jikin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Fenti in ya tsufa yana ɓarewa ya zama gari, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Mu na Maraɗi mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, ta fenti kuwa a hankali take shiga, ba a ganin ta sai a sakamakon jarrabawa. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti.

Abin da uba ko uwa za su iya yi a kanti shi ne su duba jikin gwangwani ko an rubuta “sans plomb”, ko makamancinsa da Ingilishi in daga Najeriya ya shigo, su kuma guji fentin da ake aunawa a kwalba ba suna ba takarda. A bangon cikin ɗaki, fentin ruwa da farar ƙasa sun fi aminci. In za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da mai ciki, a jiƙa bangon kafin a kankare, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Wannan ya ƙara mini hujja a kan abin da na faɗa a baya: ja da rawaya da ruwan goro a nemo su a tabarma da fata da yadi da tukunya, a bar gwangwani ya ba da fari da shuɗi kawai, su ma a duba takardarsu.

Fitila ma launi gare ta. A jikin kwalin ampul akwai lamba da harafin K. Mai 6500K haskensa fari ne mai ratsin shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma a ɗaki mai shuɗi yana sa fuskar mutum ta yi kamar marar lafiya. Mai 2700K ko 3000K haskensa ya karkata wajen rawaya, yana ɗan dusashe shuɗin amma yana raya ruwan madara da tabarma da fata, ya dace da falo da ɗakin kwana. Mai 4000K tsaka-tsaki ne, shi nake sa wa a inda yarana ke karatu. Wajen gida kuma a tuna cewa sanyin shuɗi a ido yake kawai. Ƙofar ƙarfe mai shuɗi mai duhu da ke kallon yamma, da la'asar ba ta taɓuwa, kuma zafin cikin ɗaki take juye shi. Fuskarta ta waje a ba ta launi mai haske.

Masu fenti da yawa za su ce maka abin da wani ya ce mini da muke gyaran ajinmu: “Madam, mai duhun ya fi ɓoye dauɗa.” Na ce: “Malam, dauɗar hannu yake ɓoyewa. Garin alli da ƙurar hunturu fa?” Ya yi dariya ya ce wannan kam sai dai a bi shi da tsumma kullum. Muka shirya a kan ya shafa gwaji. Shawarar da nake ba kowa ke nan: kafin a buɗe babban gwangwani, a shafa faɗin kaye huɗu a bangon da ke kallon taga da wanda ke bayanta, a bar shi ya bushe, don ɗanyen fenti da busasshe ba kamarsu ɗaya ba. A kawo labulen da tabarmar a ajiye kusa. A duba da hantsi, a duba da azahar, a duba da magariba lokacin da ja ke fara duhu shuɗi kuwa yana nan da sauran haskensa, a kuma duba da dare da fitilar da ake da ita. Gani ya kori ji.

Ga ƴan uwana malamai, aji yana da nasa ƙarin sharaɗi. Bangon da babban allo yake a bar shi da launi ɗaya mai laushi, ba zane ba hoto, don idon yaro ya tafi kan rubutu kai tsaye. Hotuna da taswira da aikin yara su koma bangon gefe da na baya, su ne za su kawo ja da rawaya da kore, kuma ana sauya su duk wata ba tare da an sayi komai ba. Shuɗin alli a kan baƙin allo, ƴan bencin baya ba su ganin sa, a bar shi don ja layi, a rubuta abin da ke da muhimmanci da fari ko rawaya. In kwamitin makaranta ya tara kuɗin fenti, malamin aji ya nemi a saurare shi kafin a tafi kanti, don shi ya san kusurwar da ke duhu da ƙarfe 8 na safe da wadda rana ke kashe ido da ƙarfe 11.

A darasin zane na wannan zango, ina ba da shawara mu ba yara aikin gida guda: kowa ya zauna inda yake karatu da dare, ya rubuta launin bangon da ke gabansa, da launin abin da yake zaune a kai, da inda fitila take. Washegari a karanta amsoshin a aji, a kai su taron iyaye na gaba. A nan za mu gane yaran da ke karatu a cikin rijiya irin ta gwaggo, kuma akasarinsu abin da zai fito da su bokitin farar ƙasa ne da tabarma guda. Allah ya ba mu ikon gyarawa.